Rukunin sojan balan na Faransa (1794-1799): mafarin leƙen abokan gaba daga sama

1. Gabatarwa

Galibi idan ana zancen leƙen abokan gaba daga sama, hankali yakan koma ga jiragen yaƙin duniya na farko. A cikin wannan takarda muna so mu nuna cewa aikin ya girmi jirgin sama da shekaru fiye da 100.

2. Kafuwar rukunin

Ran 2 ga Afrilu 1794, lokacin da sarakunan Turai suka yi wa Faransa taron dangi, hukumar juyin juya hali ta kafa rukunin da ake kira Compagnie d'aérostiers, ta ɗora Jean-Marie-Joseph Coutelle bisa kansa. Babbar matsala ita ce iskar idirojan da ake cika balan da ita. An saba samun ta da ruwan asid na farar wuta, alhali farar wutar an keɓe ta domin albarushi. Sai Coutelle da Nicolas-Jacques Conté suka bi wata hanya: suna tura tururin ruwa bisa baƙin ƙarfen da ya yi ja da zafi cikin murhun bulo. Saboda haka duk inda rukunin ya sauka, sai ya gina murhu tukuna.

3. Aiki a fagen fama

Balan ɗin farko, L'Entreprenant, ya fara aiki a Maubeuge. Ran 26 ga Yuni 1794, a yaƙin Fleurus, ya yi kimanin awa 9 a sama. Mutum 2 ke cikin kwando, sojoji na riƙe da igiyoyi a ƙasa; labarin motsin sojan Ostiriya kuwa, da tutoci ake isar da shi, ko a rubuce cikin jakar yashi. Faransa ta ci nasara, amma an yi saɓani kan rabon balan a cikinta. Janar Jourdan kansa bai ba shi muhimmanci sosai ba.

4. Ƙarshensa

A 1796 sojan Ostiriya suka kama L'Intrépide a Würzburg. Yana gidan tarihin soja na Viyana har yanzu. A 1798 kayan rukunin suka salwanta a gaɓar Masar, kana a 1799 aka rushe shi.

5. Kammalawa

A ganinmu, ba rashin gani ya kashe rukunin ba. Nauyin kaya da jinkirin cika balan ba su dace da rundunar da ke tafiya da sauri ba, kuma labari ba ya amfani sai shugaban yaƙi ya yarda da mai kawo shi.