"Na tura", "Ban gani ba": Inda saƙonnin imel ke maƙalewa a ofisoshin gwamnati

A zamanin da kowace takarda sai ta bi ta rajista, gardama kan wasiƙar da ta ɓata ba ta daɗewa. Masinja yana da littafin aike. Wanda ya karɓa ya sa hannu, ya rubuta kwanan wata, a buga hatimi. Idan darakta ya ce takarda ba ta iso teburinsa ba, sai a ɗauko littafin a buɗe, magana ta ƙare. Yau kuwa gayyatar taro, takardar umarni, sunayen waɗanda za su je horo, har da takardar tuhuma, duk ta imel suke yawo, kuma gardamar ta koma kalmomi biyu: wannan ya ce ya tura, wancan ya rantse bai gani ba. Sau da yawa dukansu gaskiya suke faɗa.

Lamarin ya wuce saɓani tsakanin abokan aiki. Shugabar Ma'aikatan Gwamnatin Tarayya, Didi Esther Walson-Jack, wadda ta kama aiki a watan Agustan 2024, ta sanya ranar 31 ga Disamba, 2025 a matsayin wa'adin da ma'aikatu za su bar aiki da takarda su koma na'ura, kuma kamfanin gwamnati na Galaxy Backbone ne ke samar wa ma'aikata adireshin imel na hukuma. Sannan akwai doka. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta bai wa hukuma kwana bakwai ta amsa buƙatar da aka shigar mata, idan wa'adin ya wuce shiru, doka na ɗaukar hakan a matsayin ƙin bayarwa, mai nema kuma yana iya garzayawa kotu. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya buɗe ƙofar karɓar bayanan kwamfuta a gaban alƙali. Saƙon da ya kwana goma a wani lungu ba a gani ba yana iya jawo wa ma'aikata ƙara, ya jawo wa ƙaramin ma'aikaci ko hadimi tuhuma.

Hanyar da saƙo ke bi

Imel tsohon tsari ne. Tun 1971 injiniya Ray Tomlinson na Amurka ya zaɓi alamar @ don raba sunan mutum da sunan na'urar da akwatinsa yake, ƙa'idar aikawa da ake kira SMTP kuma an rubuta ta a 1982, har yau a kanta ake tafiya. Saƙo ba ya tashi kai tsaye daga waya zuwa waya. Yana barin na'urar mai aikawa zuwa babbar kwamfutar da ke kula da imel ɗinsa, wadda ake kira uwar garke. Ita za ta nemi uwar garken mai karɓa ta miƙa mata. A can sai matatar saƙonni ta duba shi, ta yanke ko ya shiga, ko a tsare shi, ko a kore shi. Idan ya shiga, dokokin da mai akwatin ya kafa su zaɓa masa wurin zama, daga nan manhajar wayarsa ta ɗauko.

Zango biyar ke nan, kuma a kowanne saƙo na iya tsayawa. Shi ya sa masu aikin fasahar sadarwa ba sa fara bincike da tambayar wa ya yi laifi. Tambayarsu ita ce: a wane zango aka yi masa ganin ƙarshe?

A fara daga wurin mai aikawa

Abu na farko shi ne a tabbatar saƙon ya fita. Wanda ya danna aikawa a cikin lif, ko a daidai lokacin da wuta ta ɗauke kafin janareta ya tashi, saƙonsa na iya zama a akwatin Outbox yana jiran intanet, shi kuwa ya tafi da yaƙinin ya gama aiki. Idan ba a ga saƙon a akwatin Sent ba, bai je ko'ina ba.

Na biyu shi ne adireshi, harafi bayan harafi. Adireshin hukumomin Najeriya yana ƙarewa da .gov.ng, wanda hukumar NITDA ke kula da shi. Idan aka yar da "ng" ɗin, an nufi yankin gwamnatin Amurka ke nan. Kuskuren harafi ɗaya ba ƙaramin abu ba ne. A watan Yulin 2023 jaridar Financial Times ta bayyana cewa miliyoyin saƙonnin da aka nufi rundunar sojin Amurka da su, masu ƙarewa da .mil, sun shafe shekaru suna faɗawa yankin ƙasar Mali, wato .ml, saboda masu rubutu suna tsallake harafin "i". Wani ɗan kasuwa ɗan ƙasar Holan da ke kula da yankin na Mali a wancan lokacin, Johannes Zuurbier, ya daɗe yana ankarar da jami'an Amurka. Akwai kuma tarkon cike adireshi da manhaja ke yi da kanta: a rubuta haruffa uku na farkon suna, ta kawo tsohon adireshin jami'in da aka yi wa canjin wurin aiki tun bara, ko na wani mai suna iri ɗaya a wata hukuma.

Na uku shi ne nauyin abin da aka maƙala. Gmail ba ya ɗaukar abin da ya wuce megabait 25 a saƙo ɗaya, wasu uwayen garken kuma iyakarsu ba ta kai haka ba. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne fayil yana ƙara kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa idan aka shirya shi don tafiya ta imel, don haka rahoton da aka ɗauki hoton shafukansa ya kai megabait 20 zai kusan kai 27 a hanya.

Na huɗu shi ne takardar dawowa. Idan uwar garke ta kasa isar da saƙo, takan aiko wa mai aikawa bayani da sunan Mailer-Daemon ko Mail Delivery Subsystem. Yawancin mutane suna gogewa ba tare da sun karanta ba, alhali amsar tana ciki. Lambar da ta fara da 5 tana nufin an ƙi saƙon gaba ɗaya: 550 da 5.1.1 a gefenta na nufin babu mai wannan adireshi, 552 da 5.2.2 kuma akwatin mai karɓa ya cika. Lambar da ta fara da 4, kamar 421 ko 451, jinkiri ne na ɗan lokaci, uwar garke za ta ci gaba da gwadawa, galibi har kwana huɗu zuwa biyar kafin ta haƙura. Saboda haka gayyatar taron Talata tana iya isowa ranar Alhamis, ba tare da kowa ya yi ƙarya ba.

Masu gadin ƙofa

Saboda yawan 'yan damfara da ke aron sunan hukumomi da bankuna, uwayen garke sun daina karɓar saƙo a kan amana. Akwai matakan tantancewa uku. SPF jerin na'urorin da hukuma ta amince su aika saƙo da sunanta ne. DKIM sa hannu ne na lissafi da ake liƙa wa saƙo, wanda ke lalacewa idan aka taɓa abin da ke ciki a hanya. DMARC kuma umarni ne da mai yankin ke bayarwa kan abin da za a yi da saƙon da ya faɗi jarrabawar: a bar shi, a tsare shi, ko a kore shi. Daga watan Fabrairun 2024 kamfanonin Google da Yahoo sun tsaurara, suka wajabta waɗannan matakai ga masu aika saƙo da yawa, wanda a wurin Google ke nufin kusan dubu biyar a rana.

Wannan ya shafi ofisoshi ta hanya biyu. Hukumar da ta ɗauki ɗan kwangila ya gina mata shafin ɗaukar ma'aikata ko na biyan kuɗi, shafin yana aika saƙo da sunanta, amma ba a saka na'urarsa cikin jerin SPF ba, za ta tarar saƙonninta na gaskiya ana yi musu kallon na bogi. Haka ma jami'in da ya saita akwatinsa na ofis ya riƙa juya kowane saƙo zuwa Gmail ko Yahoo nasa na kansa don sauƙin dubawa a waya. Saƙon da aka juya yana isowa daga na'urar da ba ta cikin jerin mai aikawa na asali, idan kuma an ƙara masa wani rubutu a hanya sa hannun ya lalace. Sai ya zama wasu saƙonnin suna isowa, wasu ba sa isowa, jami'in kuwa ya daina buɗe akwatin ofis ɗin da dukkansu ke kwance a ciki.

Ya iso, amma ya ɓuya

Kaso mai yawa na saƙonnin da ake cewa sun ɓata suna cikin akwatin mai karɓa. Gmail yana raba saƙonni zuwa shafuka, takardar umarni mai ɗauke da tambari da adireshi masu yawa tana iya faɗawa shafin tallace-tallace. Outlook yana da nasa rabon, Focused da Other. Manhajojin kuma suna haɗa saƙonni masu take ɗaya wuri guda, don haka sabon umarni da aka aiko a matsayin amsa ga saƙon watan jiya yana iya naɗewa a ƙarƙashin tsohon. A Gmail, rubuta in:anywhere tare da sunan mai aikawa a wurin bincike yana tono ko'ina, har da Spam da kwandon shara. Sai dai akwai wa'adi: abin da ya kwana talatin a waɗannan wurare biyu gogewa yake yi da kansa.

Cikar akwati ma ta zama ruwan dare. Gigabait 15 da Google ke bayarwa kyauta ana raba shi ne tsakanin Gmail, Drive da hotuna, kuma tun 2024 ajiyar WhatsApp ta wayoyin Android ta shiga cikin lissafin. Bidiyon biki da na taron siyasa suna iya cinye wurin, akwatin ya daina karɓar saƙo, mai shi bai sani ba.

Hadimai da sakatarori suna da tasu matsalar ta daban, domin akwati ɗaya mutum uku ko huɗu ke buɗewa. Idan an saita kwamfutar ofis da tsohon tsarin POP, tana iya sauke saƙonni ta share su daga uwar garke, sai maigida ya duba wayarsa a filin jirgi ya ga wayam. Tsarin IMAP yana barin saƙo a uwar garke kowace na'ura ta gani, amma a nan ma idan mutum ɗaya ya buɗe, ya matsar, ko ya goge, ya yi wa kowa.

Akwai dalili ɗaya da bai kamata a yi wasa da shi ba. Masu kutse da suka sami kalmar sirrin jami'i sukan kafa doka a ɓoye cikin akwatinsa, duk saƙon da ya ƙunshi kalma kamar biya, kwangila ko asusu a kai shi wani lungu ko a juya musu, don su yi magana da 'yan kwangila da sunansa. Idan saƙonnin da ke ɓacewa duk na kuɗi ne, ko duk daga mutum ɗaya, a duba jerin dokoki da wurin juya saƙo. Duk dokar da mai akwatin bai san da ita ba, a sanar da sashen fasahar sadarwa nan take, a canja kalmar sirri, a kunna tantancewa mai mataki biyu.

Abin da za a kai wa sashen fasaha

Imel ma yana da littafin aikensa. Kowane saƙo yana ɗauke da bayanan kai da ba a nunawa, waɗanda a Gmail ake buɗewa ta Show original. Kowace uwar garke da saƙon ya ratsa tana buga layin da ya fara da Received, da sunanta da lokaci, kuma daga ƙasa zuwa sama ake karantawa. Inda aka ga tazarar sa'o'i tsakanin layi biyu, nan ya kwana. A lura da agogo: +0100 lokacin Najeriya ne, +0000 kuma yana bayansa da sa'a ɗaya.

Jami'in fasaha ba zai iya komai da "imel ɗina ba ya aiki" ba. Abin da yake buƙata shi ne adireshin mai aikawa da na mai karɓa daidai, rana da lokacin aikawa, taken saƙon, lambar Message-ID daga kwafin mai aikawa, da takardar dawowa idan akwai. Da waɗannan zai bincika rajistar uwar garke ya ga ko saƙon ya iso, ko an tsare shi, ko an kore shi da wane dalili. A yi hanzari, domin ba a ajiye wannan rajista har abada. Wannan bincike kuma a akwatin hukuma kaɗai yake yiwuwa. Wanda ke gudanar da aikin gwamnati da adireshinsa na kansa ba shi da jami'in da zai buɗe masa rajistar Google ko Yahoo ranar da aka tuhume shi.

Alamar "an karanta" da wasu ke dogara da ita ba hujja ba ce, tunda mai karɓa yana iya hana ta tafiya. Ga duk saƙon da ke ɗauke da wa'adi, mai aikawa ya nemi amsar layi ɗaya da ke tabbatar da an karɓa, idan har aka tashi aiki ba ta zo ba, ya ɗaga waya ya kira.