Lantarki daga gas ba tare da harshen wuta ba: ina matsalar take?

Mazauna Yamai sun san halin bazara: zafi ya haura digiri 40, wuta ta ɗauke, ƙarar janareto ta cika unguwa. Lamarin ya ƙara tsananta a watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya, wadda a wancan lokacin take samar da kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da kamfanin NIGELEC ke rabawa, ta katse layin.

Janareto yana ƙona mai ne, kuma fiye da rabin ƙarfin man yana salwanta cikin zafi da hayaƙi. Amma akwai wata na'ura da ke mayar da gas lantarki kai tsaye, ba harshen wuta, ba injin da ke juyawa, kuma tana cin moriyar kusan kashi 60 cikin 100 na ƙarfinsa. Ana amfani da ita a gidajen Japan tun 2011, kamfanin Bloom Energy na Amurka kuma yana sayar da manyanta.

Zuciyar na'urar wani siririn faifan tangaran ne na sinadarin zirkoniya. Bajamushe Walther Nernst ne ya nuna, a ƙarshen ƙarni na 19, cewa irin wannan tangaran yana barin lantarki ya ratsa shi idan ya yi zafi sosai. Ana hura iska a fuska ɗaya ta faifan, gas a ɗayar. Oksijin ɗin da ke cikin iskar yakan ratsa faifan ya haɗu da gas, haɗuwar kuma ta saki ƙwayoyin lantarki, wato elektaron, su bi waya su kunna fitila.

Matsalar tana bakin shiga. Oksijin yana zuwa ne a tagwaye, ƙwayoyi biyu manne da juna. Kafin ya shiga faifan, dole ya sauka a kan fuskar, tagwayen su rabu, kowace ƙwaya ta karɓi elektaron 2, sannan ta samu gurbi a cikin tangaran. Da tsohon sinadarin da ake shafa wa fuskar, mai suna LSM, wannan yana faruwa ne kusan kawai a inda iska da sinadarin da faifan suka haɗu su uku. Kamar gadar Kennedy ce da safe: komai faɗin titi, mashigar ce ke ƙayyade yawan masu wucewa.

Zafi yana hanzarta wannan mataki, shi ya sa ake gudanar da na'urar tsakanin digiri 600 zuwa 1000. Sai dai zafin yana da tsada. Yana buƙatar ƙarafa na musamman, yana sa kayan su tsage, kuma sinadarin kuromiyom da ke tashi daga ƙarfen yakan toshe daidai wuraren da oksijin ke shiga. Idan kuwa aka rage zafin don a samu sauƙi, shigar oksijin ta yi nawa, wutar ta ragu. Don haka masu bincike suka koma ga sinadarai irin su LSCF, da ke karɓar oksijin a duk faɗin fuskarsu.

Ga Nijar, batun ba na nesa ba ne. Matatar SORAZ ta Damagaram tana fitar da gas tun 2011, kuma irinsa yana iya ciyar da na'urar idan aka cire masa farar wuta. Ƙurar hunturu ma sai an tace ta kafin iska ta shiga. Amma farashi ne zai yanke hukunci. Muddin oksijin bai shiga da sauri a zafi mai sauƙi ba, na'urar za ta fi ƙarfin aljihun mai shago a Babbar Kasuwa, janareto kuma zai ci gaba da hana maƙwabta barci.