“Ashe Shi Ma?”: Jita-jitar Luwaɗi a Kan Taurari, da Wanda Take Faɗawa a Kansa

Kusa da tashar motar Gaya akwai wata rumfar cajin waya da nake kai tawa idan wuta ta yi mana nisa. Wayoyi sun fi 40 a jere bisa katako, kowace da ’yar takarda mai lamba a bayanta, ƙaramin janareta yana ta ƙugi a gefe, samari kuma na zaune a benci suna jiran a tura musu fim ko waƙa. Wata Asabar da la’asar sakaliya ina tsaye ina jiran a zaro mini tawa, sai na ga kawuna biyar sun haɗu a kan waya ɗaya. Ɗan guntun bidiyo ne da aka yanko daga wurin biki. Wani mawaƙi da kowa ya sani yana rawa, ya ɗan rangwaɗa, ya dafa kafaɗar abokinsa yana dariya. An zagaye hannun nasa da jan layi.

“Kai! Ashe shi ma?” in ji ɗaya, yana riƙe da baki.

“Sai yau ka sani? Tun yaushe ake faɗa! Ka taɓa jin ya yi aure?”

Na ukunsu yaro ne da na koyar a ƙaramar sakandare. Da ya hango ni sai ya sunkuyar da kai. Na ce da shi, “Wa ya gan shi?” Ya ce, “Malam, ai ruwa ba ya tsami banza.”

Ba zan kama sunan mawaƙin nan ba, domin kama sunan shi ne ɓarnar da nake kuka da ita. Abin da nake so mu duba shi ne wannan ɗabi’a da ta zama abincin majalisa daga Gaya har Kademi, daga Ajingi har Toranke: a ɗauko ɗan fim, ko mawaƙi, ko ɗan TikTok, a baje shi a faifai, a yi ta kirdadon ko ɗan luwaɗi ne, idan mace ce ko ’yar maɗigo ce, sannan a watse kowa ya tafi gida kamar hirar farashin taki aka yi.

Idan ka tsare mai maganar ka ce ya kawo hujja, abin da zai zayyano maka ba ya wuce sanyin murya, yanayin tafiya, yawan shafa mai da turare, jinkirin aure, ko wata fitowa da mutum ya yi a fim. Wani ma hoton riƙe hannu ne kawai. Wannan na ƙarshen ya fi ba ni takaici, domin mu muka tashi muka ga iyayenmu maza, aminai biyu, suna dawowa daga masallacin Juma’a hannunsu cikin na juna, ba wanda ya taɓa kawo komai a ransa. Yau yaro yana tsoron ya dafa kafaɗar abokinsa a hoto. An shigo mana da mugun zato cikin abin da zumunci ne tsantsa.

Batun fitowa a fim kuwa, maƙwabcinmu ya ishe mu misali. Marigayi Rabilu Musa Ibro, ɗan Ɗanlasan da ya yi zamansa a Wudil, tsohon gandiroba, wanda ya rasu a watan Disamba na 2014, ya yi fim mai suna Ibro Ɗan Daudu. Ya ɗaura zane, ya karya murya, ya tafa hannu, muka yi dariya har da hawaye a gidajen kallo. Shi ne dai ya yi Ibro Usama, ya kuma yi Ibro Saddam. Ba mu ji wanda ya ce Ibro ya zama shugaban Iraƙi ba. Sana’ar ɗan wasa ke nan, ya ari rigar wani ya yafa, idan an gama ɗauka ya tuɓe. Tun daga fim ɗin Turmin Danya a 1990 har zuwa finafinai masu dogon zango na yau, wasu ’yan kallo sun kasa raba mutum da rigar aron nan. Mai fitowa a mugu ya sha zagi a kasuwa, mai fitowa a malami a tare shi da tambayar fatawa.

Ko daudancin kansa ana cakuɗa shi da abin da ba lallai shi ba ne. Ɗan daudu a ƙasar Hausa sananne ne tun kaka da kakanni: namiji mai kwaikwayon maganar mata da aikinsu, galibi mai sayar da tuwo ko soyayyar kaza a tasha da kasuwa. Wani masani ɗan Amurka, Rudolf Gaudio, ya zauna da su a Kano tun shekarun 1990, ya wallafa littafi a kansu a 2009 mai suna Allah Made Us. Cikin abin da ya nuna akwai cewa da yawansu magidanta ne masu mata da ’ya’ya, kuma daudanci da luwaɗi ba kullum suke tafiya tare ba. Ke nan wanda yake auna mutum da murya ko tafiya, ma’auninsa a karye yake tun daga tushe.

Yanzu bari in zo inda na fi so matasanmu su tsaya su saurara. Kusan duk wanda ya yi karatun zaure a wannan yanki ya bi ta kan Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, malamin Malikiyya da ya rayu a ƙarni na 10 na Miladiyya. A babin haddi, littafin ya sanya jifan mutum da luwaɗi cikin ƙazafi, hukuncinsa bulala 80, daidai da wanda ya jefi mutum da zina bai kawo shaidu 4 ba. Bai tsaya nan ba. A mazhabar Imamu Malik, wadda ita muke bi, gugar zana ma haddi ce. Wato ko ba ka fito ƙarara ka faɗa ba, muddin ka yi habaicin da kowa ya gane inda ka dosa, bulalar ta hau kanka. A cikin Muwaɗɗa an kawo labarin wasu mutum biyu da suka yi cacar baki a zamanin Sayyadina Umar. Ɗaya ya wanke nasa iyayen daga alfasha, amma da salon da ke nuna iyayen abokin faɗansa yake nufi. Sayyadina Umar ya yi shawara da sahabbai, sannan ya sa aka yi masa bulala 80.

To, a ɗora wannan a kan jan layin da aka zagaye hannun mawaƙin nan da shi. A ɗora shi a kan “ni dai ban ce komai ba, amma ku kalli tafiyarsa”. A ɗora shi a kan ɗan hoton dariya da ake mannawa a ƙarƙashin bidiyo. Duk gugar zana ce. Hukuncin ƙazafi yana cikin Suratun Nur, surar da ta wanke Nana A’isha daga ƙagen da aka yi ta yaɗawa a Madina baki da baki, kuma surar ta ce a daina karɓar shaidar maƙazafci. Suratul Hujurat ta hana yawan zato, da bin diddigin asirin mutane, da giba. Dokar shari’ar Musulunci da Jihar Kano ta kafa a 2000 ita ma ta tanadi bulala 80 ga ƙazafi. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, mafi yawan masu yaɗa irin wannan magana gani suke kishin addini suke yi, alhali laifin da suke zargin wani da shi zato ne, nasu kuwa a rubuce yake a waya, da sunansu da ranar da suka tura.

Wani zai ce ai wasa ne, taurari sun saba. A nan ƙasar kalmar ba ta wasa ba ce. A watan Janairu na 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar haramta auren jinsi, mai ɗaurin shekara 14. A jihohin da ke bin shari’a hukuncin luwaɗi yana iya kaiwa ga kisa. Tun kafin a je gaban alƙali ma, akwai ’yan ɗaukar doka a hannu. A cikin watan nan na Janairun 2014, taron jama’a sun yi wa wata kotun shari’a ruwan duwatsu a Bauchi suna neman a kashe waɗanda ake tuhuma, har sai da jami’an tsaro suka tarwatsa su. Wata guda bayan haka, a unguwar Gishiri da ke Abuja, an bi samari fiye da 10 gida-gida cikin dare, aka fito da su aka lakaɗa musu duka. Ba alƙali, ba shaida. Wanda ya liƙa wa mutum wannan suna a irin wannan yanayi, ya san ko me yake kira masa.

Maƙwabtanmu sun riga mu ganin ƙarshen wannan hanya. A farkon 2006 wasu jaridun Kamaru suka buga jerin sunayen manyan mutane kusan 50, ministoci da mawaƙa da ’yan wasa, suka ce ’yan luwaɗi ne. Jaridun suka yi kasuwa kamar tsire a daren Sallah. Da aka je kotu aka ce a kawo hujja, sai ido ya raina fata. Mai jaridar L’Anecdote ya sami hukuncin ɗaurin wata 4 saboda ɓata sunan wani minista. A Yuganda kuma, a watan Oktoba na 2010, wata jarida ta buga hotuna da sunaye tare da kiran a rataye su. Babbar kotun ƙasar ta hana ta ci gaba, amma a Janairun 2011 aka kashe David Kato, ɗaya daga cikin waɗanda hotonsu ya fito, a cikin gidansa.

Masu zuwa gidan kallon ƙwallo su tambayi manyansu labarin Graeme Le Saux, ɗan bayan Ingila da ya ci kofin Firimiya da Blackburn a 1995. Shekara da shekaru ’yan kallo suna rera masa zagin luwaɗi a filin wasa. Tushen maganar bai wuce cewa yana karanta jaridar Guardian ba, kuma ba ya shiga sharholiyar abokan wasansa. Magidanci ne da matarsa. A 1999 Robbie Fowler na Liverpool ya yi masa izgilin a tsakiyar fili, duniya tana kallo. Sai kuma Justin Fashanu, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, baƙar fata na farko da aka saya fam miliyan 1 a Ingila, a 1981. Shi da bakinsa ya bayyana halinsa a jarida a 1990. Masu son jin ƙwaƙwaf sun sami abin da suke nema, shi kuwa ya sha tsangwama da ƙyama, ga wata tuhuma da ta biyo shi daga Amurka, har ya kashe kansa a Landan a watan Mayu na 1998. Ko a inda zato ya zo daidai, ban ga abin da mai zaton ya ƙaru da shi ba. Hausawa sun riga sun yanke: zato zunubi, ko da ya zama gaskiya.

Amma ba don taurari na ɗauki alƙalami ba. Su suna da masoya, suna da lauyoyi. Manya ma haka. A Nuwamban 2022 wata kotu a Kano ta yanke wa wasu ’yan TikTok biyu bulala 20 da sharar harabar kotu saboda ɓata sunan gwamnan lokacin, Abdullahi Ganduje. Wanda ba shi da kowa shi ne abin tausayi, kuma maganar da aka fara a kan tauraro, a kansa take sauka.

Ina da wani ɗalibi daga wani ƙauye a ƙasar Ajingi. Yaro ne mai sanyin hali, muryarsa siririya tun yana aji ɗaya, ba ya ƙwallo, ba ya faɗa. Da ya gama makaranta ya koyi ɗinki, ya ƙware a ɗinkin mata, har daga ƙauyukan kewaye ake aiko masa da atamfa da leshi. Wata rana a majalisa wani ya kira shi da sunan wani ɗan fim da ake yi wa irin wannan jita-jita a lokacin. Aka yi shewa. Sunan ya bi shi. Na ji ana kiransa da shi da kunnena, ban tsawatar ba, kuma har yau abin yana ci mini rai.

An riga an sa masa rana. Maganar ta je kunnen baban yarinyar da zai aura, shi kuwa bai tambayi kowa ba, ya sa aka mayar da kayan. Azumi ya kama, lokacin da tela ba ya barci, amma shagonsa shiru, domin magidanta sun hana a kai masa ɗinki. Na je na same shi yana zaune gaban keken, ya lulluɓe shi da wani tsohon zane, almakashi da alli suna ajiye a kan teburin yanka, ba ƙyalle ko ɗaya. Ya ce, “Malam, da duka suka yi mini da ya fi sauƙi. Wa zan je in rantse wa?” Bayan Sallah da kwana kaɗan ya ɗora keken a bayan a-kori-kura ya bar garin. Mahaifiyarsa ta zo har gidana, ta zauna a bakin ƙofar ɗakin maiɗakina, ta ce, “Malam, kai ka koyar da shi. Me ɗana ya yi musu?” Wanda ya fara laƙaba sunan yana nan a majalisarsa, ƙila ma ya manta shi ne ya fara.

Na san abin da ke rura wutar. Shafin da ya yi tonon silili shi ke tara mabiya, mabiya kuma su ne kuɗin talla. Akwai hassada tsakanin ’yan sana’a ɗaya, akwai gabar magoya bayan wannan jarumi da na wancan. Duk waɗannan suna buƙatar hannunka kafin maganarsu ta iso Gaya, domin ba mai shafin ne ya kawo bidiyon rumfar caji ba, ɗanmu ne ya tura wa ɗan’uwansa.

Ina roƙon limamanmu na Gaya da Ajingi su ware huɗuba guda a kan ƙazafi da gugar zana, su faɗi adadin bulalar a fili yadda yara za su ji. Ina roƙon masu tura finafinai su ƙi ɗora irin wannan bidiyo a wayar kowa. Kai kuma ɗana, idan an miƙo maka waya an ce “ashe shi ma”, ka yi wa mai miƙowar tambayar da na yi a rumfar nan: wa ya gan shi? Idan bai kawo shaidu 4 ba, ka mayar masa da wayarsa, kada ka tura wa kowa.