Akuyar Gida: Ina Ribar Take Zurarewa?

A gidaje da yawa na karkara, har da na birni, akuya ita ce asusun uwargida. In an koma makaranta ana neman kuɗin littattafai, ko lokacin biyan kuɗin jarrabawar WAEC ya zo, ko ciwo ya faɗo, ita ake ja zuwa kasuwa. Ɗalibai da dama akuya ce ta kai su ajin da suke yau.

Kuma ba ƙaramar dabba ba ce. Jar akuyar Sakkwato, wadda a Nijar ake kira ta Maraɗi, wata biyar take ɗaukar ciki, kuma takan yawaita haifar tagwaye. Fatarta ta yi suna tun zamanin da fatake ke keta Sahara da ita, har Turawa suka riƙa kiran ta fatar Maroko, don ta can take isa gare su. To me ya sa mai akuya biyar yakan shekara goma yana nan da biyar ɗinsa?

Cuta

Babbar mai kashe awaki da tumaki ita ce cutar da likitocin dabbobi ke kira PPR. Dabba takan yi zazzaɓi, majina ta toshe mata hanci, baki ya yi gyambo, sai zawo ya biyo baya. In ta shiga garke, cikin 'yan kwanaki sai ta yi ɓarna. Ba ta da magani, amma tana da allurar rigakafi, wadda Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Vom a Jihar Filato take haɗawa, kuma allura ɗaya tana kare dabba shekara uku ko fiye. Sau da yawa sabuwar dabbar da aka sayo ce ke kawo cutar, don haka a ɗaure ta daban na mako biyu zuwa uku kafin a haɗa ta da na gida.

Abincin rani

Da kaka harawa ko'ina, har ana tattaka ta. Daga Maris zuwa Mayu kuwa sai ta yi tsada, dabbobi su rame, masu shayarwa nono ya ƙafe. Wanda ya tara harawar wake da ta gyaɗa da kowa tun da kaka, ya adana su a inuwa inda rana ba za ta kakkaɓe ganyen ba, ya haɗa da 'yar dusa da kanwa, shi ne dabbarsa ke kaiwa damina da ƙiba.

Kasuwa

A nan ne asarar ta fi ciwo. Mai kiwo ba ya sayarwa sai buƙata ta matsa, kuma mai saye ya san haka. Sau da yawa uwargida ba ta zuwa kasuwa da kanta, abin da aka kawo mata shi ne farashi. Kafin dabbar ta kai Legas ko Fatakwal ta bi hannun dillalai da fatake, kowa da rabonsa.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Masu kiwo goma da suka yi ƙungiya za su iya kiran malamin dabbobi rana ɗaya, su sayi dusa a sari, su ɗauki hayar mota ɗaya zuwa babbar kasuwa irin ta Wudil da ke ci ran Juma'a, ko ta Maigatari ran Alhamis. In kuma suna da adashi, sai a biya buƙatar gaggawa daga ciki, a bar dabba har gab da Babbar Salla, lokacin da take daraja.

Aikin ɗalibi

A shekarar 2024 Gwamnatin Tarayya ta kafa ma'aikata ta musamman don bunƙasa kiwo, amma minista ba zai zo turken gidanku ba. Kai da ke kuna nan. Ku ware littafi guda ku riƙa rubuta ranar haihuwa, ranar allura, kuɗin abinci da abin da aka sayar. Ku leƙa asibitin dabbobi na ƙaramar hukuma ku tambayi lokacin rigakafi. Ranar da za a kai dabba kasuwa, a fara buga waya a ji yadda ta ci a makon jiya. Bayan shekara guda ku zauna da Inna ku buɗe littafin, ku ga ko akuyar ce ke ciyar da gidan, ko gidan ne ke ciyar da ita.