Kara da Tsadar Kasa Cewa A'a a Maraɗi

Ranar Litinin ko Juma'a, in kasuwar Maraɗi ta cika, akan ga mai tireda yana auna wa abokin mahaifinsa shinkafa bashi, alhali na bara bai fito ba. Ya sani sarai kuɗin nan sai an ga hali. In an tambaye shi dalili, abin da zai ce bai wuce, "Baba ne fa, da wane baki zan hana shi?" ba.

Hausa na da sunan wannan nauyin baki, wato kara, ko da yake ana yawan cakuɗa ta da ƴan'uwanta. Kunya ce uwarsu duka, ita ke hana mace kiran sunan ɗanta na fari, kuma Anthony Kirk-Greene ya lissafa ta cikin halayen mutumin kirki a nazarinsa na 1974. Kawaici shi ne a gani a kau da kai. Fulako, wanda aka ɗauko daga pulaaku na Fulani, shi ke sa baƙo ya ce ya ƙoshi cikinsa na ƙugi. Mai kara kuwa karɓar abin da ba ya so yake yi, ko ya ba da abin da yake buƙata, saboda ganin idon wani. Mutanen Iran na da irin tasu da suke kira ta'arof.

Kara dai ba hali ne na yasarwa ba. Emmanuel Grégoire, a littafinsa na 1986 kan Alhazan Maraɗi, ya nuna yadda fatauci tsakanin garin da Najeriya ya ginu a kan amana da alaƙar ubangida da baransa. Inda magana ce takardar yarjejeniya, wanda aka sani da rashin kara ba ya samun mai ɗaga masa ƙafa ran da tasa ta taso. Barbara Cooper ma, a littafinta na 1997 kan aure a Maraɗi, ta bayyana yadda biki ke ɗaure mata da juna: an kawo miki, dole ki kai.

Sai dai mai ƙaramin jari ne ya fi shan wuyar kara. Matar da ke saro zogale a Jiratawa, ko mai tuyar ƙosai a Tibiri, jikka biyar ce duk uwar kuɗinta. Ƙanin miji ya ranci biyu, maƙwabciya ta ranci ɗaya ta suna, sana'a ta tsaya. "Bari in duba" da "Allah ya hore" suna aiki a kan bare, amma ba sa korar wanda ya ga cinikin da idonsa.

A nan ne Mata Masu Dubara suka yi abin a yaba. Ƙungiyar CARE ce ta soma tsarin a jihar Maraɗi a 1991, aka ɗora shi a kan adashin da mata suka saba, daga baya ya bazu zuwa ƙasashe da dama. Kowane mako ana zubi a akwatin ƙarfe, makullansa a hannun mata daban-daban, ba a buɗe shi sai a gaban taro. Mai neman rance a gaban kowa za ta faɗi buƙatarta, a sa mata ranar biya. In dangi suka zo neman rance, matar kan tarbe su da fara'a, ta kawo ruwa, ta ce, "Wallahi Yaya, kuɗin suna asusu, sai ranar rabo."