Adana Aiki Daban, Fitar Da Sauti Daban

'Yan'uwa ɗalibai, musamman 'yan ajin ƙarshe masu haɗa shirin rediyo a matsayin furojet, akwai maɓallai biyu a manhajar gyaran sauti da nake ganin ana ɗaukarsu abu ɗaya: Save da Export. Wasu manhajojin, kamar Reaper, Render suke ce wa na biyun.

Ni hirar manoman albasa nake haɗawa, waɗanda na naɗa a Taloka, ƙasar Goronyo, kuma Audacity nake amfani da ita. Idan na danna Save, abin da aka ajiye mini shi ne teburin aikina yadda na bar shi: muryar manomi a layinta, tawa a nata, kiɗan buɗe shiri a nasa, da duk inda na yanke. Kamar ka ajiye fura, nono da sukari kowanne a mazubinsa ne. Export kuwa damu ne. Manhajar za ta haɗe layukan su zama sauti guda, WAV ko MP3, wanda waya ko gidan rediyo zai iya kunnawa. To in an dama, wa zai iya tsame sukari? In kiɗa ya danne muryar dattijo a MP3, sai dai a koma wa fayil ɗin aiki a rage shi, a sake fitarwa.

Inda ake shan wahala shi ne wajen kwafa. Tun Audacity 3.0 ta 2021, aikin yana zama fayil ɗaya mai .aup3, sautin na ciki. Amma tsofaffin kwamfutoci da yawa tsohuwar ke kansu, mai ajiye ƙaramin .aup da wata folda daban mai ɗauke da ainihin sautin. Haka .sesx na Adobe Audition, taswira ce kawai mai nuna inda muryoyin suke. Wata 'yar ajinmu taswirar kaɗai ta kwafa a filash, ta goge sauran don samun wuri. Da ta buɗe, layuka na nan, murya babu. Wallahi sai da ta sake biyan kuɗin mota ta koma neman mutanen, alhali sun shiga aikin fadama, ba su da lokacinta.

Wanne za a fitar? Minti ɗaya na WAV mai ingancin faifan CD yana cin kusan megabait 10, MP3 mai 128 kuwa kusan 1. Saboda tsadar data kowa MP3 yake so, na gane. Sai dai MP3 zubar da wani ɓangaren sautin yake yi don ya ƙanƙance, kuma duk gyaran da aka yi masa aka sake fitarwa, ƙara dushewa yake. Ni WAV nake ajiyewa tare da fayil ɗin aiki a wuri biyu, MP3 ɗin kuma shi nake tura wa malam ta WhatsApp.