Kalmomin Ingilishi masu haruffa huɗu: pill, fill, hill da ƴan uwansu

Yau kowa ya jawo allonsa da alli kusa, za mu ɗan leƙa cikin Ingilishi, wato Turancin da ake yi a Nijeriya da Gana.

Wani zai ce: ina ruwana da Ingilishi, ni da ban daɗe da iya karatun Hausa ba? Da ruwanka, malam. Mai bin hanyar Maraɗi zuwa Katsina ta Ɗan Isa da Jibiya, da mai ƙetarawa daga Ƙwanni zuwa Illela, da mai zuwa Kano daga Damagaram, duk da Ingilishi suke cin karo a jikin alluna da takardu. Ko ba ka je ko'ina ba, kayan da ke shigowa kasuwarku da yawa da shi aka rubuta su. Ban da haka, a shekarar 2025 dokar ƙasarmu ta maida Hausa harshen ƙasa, ta sa Ingilishi da Faransanci su zama harsunan aiki.

Ka rubuta haruffa uku: i, l, l. Su kaɗai ma kalma ce. Ill na nufin marar lafiya. Kada ka ja harafin l ɗin nan biyu kamar yadda muke yi cikin salla ko kallo. Sau ɗaya ake faɗinsa: il. Yanzu za mu riƙa sa harafi guda a gabansu. Haruffa huɗu ke nan kullum, uku ba su motsi, na farko kaɗai ke sakewa. Ka riga ka san irin wannan a Hausa: kafa dabam, ƙafa dabam, baki dabam, baƙi dabam.

Sa m, ka sami mill, wato injin niƙa ko gidan da ake niƙa. In ka ga rice mill a jikin buhu ko bango, wurin casar shinkafa ne. Wannan ba wuya.

Wuyar tana ga guda uku: pill, fill da hill. Pill ƙwayar magani ce. Fill, cikawa, kamar cika tulu da ruwa ko cika takarda da sunanka. Hill kuwa tudu ne. Ga mai Ingilishi ba su yi kama ba ko kaɗan. Mu ne bakinmu ke haɗa su. Ingilishi na da haruffa 26, huɗu daga cikinsu, p, q, v da x, ba mu aiki da su a rubutun Hausa. Shi ya sa Bahaushe in ya zo faɗin p sai ya ce f, pill ta koma fill. To, mutanen Maraɗi da Tawa kuma, wurin da ake rubuta fita sai su ce hita, fili su ce hili. Ka ga fill ta koma hill. Ƙwayar magani ta zama tudu!

Ga yadda za ka raba su. Don p, rufe leɓɓanka biyu gam, sa'an nan ka buɗe su da ƙarfi. Riƙe ƴar takarda gaban bakinka: in ta motsa, ka yi daidai. Don f, ɗora haƙoranka na sama bisa leɓen ƙasa ka hura iska. Don h, bar bakinka buɗe, iska ta fito daga maƙogwaro. Yara za su yi maka dariya, ƙyale su.

Ido ma yana ruɗewa, musamman tsakanin p da b. Ƙafar p tana sauka ƙasan layi, sandar b tana hawa sama. In manyan haruffa ne, kamar yadda aka fi rubutawa a jikin kwali, P ciki ɗaya gare shi, B ciki biyu. Da b ake rubuta bill, takardar kuɗin da ake binka, ta wuta ko ta ruwa ko ta gidan likita. A nan ka natsu. Bill ba rasit ba ce. Rasit shaida ce ka biya. Bill cewa take yi ba ka biya ba tukuna. Wanda ya ba da kuɗi aka miƙo masa bill ba tare da hatimi ko alamar biya ba, ba shi da abin nunawa ranar da aka sake tambayarsa.

Sai wadda na fi so ku riƙe: kill, wato kashewa. Harafi guda ne tsakaninta da pill. Za ka gan ta a jikin gwangwanin maganin sauro, da na ɓera, da na ƙwarin gona, sau da yawa da s a ƙarshe, kills, ma'ana yana kashewa. Mu a Hausa duka magani muke ce musu, na sha da na feshi, kuma nan ne haɗarin yake. Abin da ke ɗauke da kill, ko kalmar poison wadda ke nufin guba, ko hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa biyu gicciye, ba a ajiye shi kusa da hatsi ko inda hannun yaro ke kai. In ya ƙare, ba a zuba ruwan sha ko mai cikin gwangwaninsa, ko an wanke. Haka kuma don ka karanta pill ba ka san ciwon da take warkarwa ba. Kai ta wurin ma'aikacin lafiya ya duba maka.

Akwai ƙanana biyu da suka rage. Till na nufin har, kamar a ce kanti buɗe yake har ƙarfe 6. Will kuma takan yi aikin za na Hausa: I will go, zan tafi.

Yanzu ka rubuta ill sau 8 a allonka, kowane da layinsa, ka bar gurbi a gaba. Abokin karatunka ya riƙa faɗin ma'anar da Hausa, ba bi da bi ba: tudu, kashewa, injin niƙa. Kai kuma ka sa harafin da ya dace, ka karanta da ƙarfi. In kun gama ku yi musaya. Gobe kowa ya zo makaranta da kwali guda daga gidansa, ku nemi waɗannan kalmomi tare da malaminku.